Sanyin hunturu a hanyar Illela: Abin da mutuwar hita ke tonawa game da lafiyar injin mota

Da an sallame Sallar Asuba ranar Lahadi, ranar da kasuwar Illela ke ci, motoci sun riga sun fara kama hanya daga Sakkwato. Idan watan Disamba ne ko Janairu, duk wadda aka leƙa kusan abu ɗaya za a gani. Direba ya naɗe kai da rawani har hanci, fasinjoji sun ƙudundune cikin mayafai da rigunan sanyi, an ɗage gilasai ruf, sannan ga tsumma a hannun direba ko na wanda ke zaune kusa da shi, ana ta goge gilashin gaba.

Tafiyar kilomita 80 da 'yan kai ce, a bi ta Kware da Gwadabawa kafin a iso wannan gari na bakin iyaka da ke kallon Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar. A irin waɗannan ranaku ma'aunin zafi kan sauko zuwa digiri 15 da asuba, wani lokaci ƙasa da haka, ga iskar arewa mai ƙura tana kaɗawa. Ga mutanen da suka saba da digiri 40 a watan Afrilu, wannan sanyi ne mai shiga ƙashi.

Abin mamakin shi ne kusan duk motocin nan suna da hita, domin an ƙera su ne saboda ƙasashen da ƙanƙara ke zuba. Amma idan aka murɗa maɓallin zuwa ɓangaren ja, sai a ji iska mai ɗumi-ɗumi, ko mai sanyi ƙalau, ko ma a ji shiru. Yawancin masu motocin ba su ɗauki hakan a bakin komai ba. Sanyin wata biyu ne, a jure ya wuce.

Sai dai hita ba ta da wutar kanta. Daga jikin inji take aron zafi. Saboda haka idan ta gaza, sau da yawa saƙo ne daga injin, kuma wanda ya iya karanta saƙon a Janairu yakan tsira daga babban kashin kuɗi a Afrilu.

Motocin ƙasar ƙanƙara a bakin hamada

Motocin da ke zirga-zirga tsakanin Sakkwato da Illela da ƙauyukan kewaye galibi tsofaffi ne: Golf, da Sharan, da Vectra, da Toyota iri-iri, da ragowar Peugeot 504 da 505 daga zamanin da kamfanin haɗa motoci na Kaduna, wanda aka buɗe a 1975, ke tashe. Da yawa sun gama yi wa wani aiki a Jamus ko Beljiyam ko Holan kafin a loda su a jirgin ruwa zuwa Kwatano, shi ya sa ma ake ce musu 'yan Beljiyam.

Tun daga ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin Najeriya ta haramta shigo da motoci ta iyakokin tudu. Daga baya aka rufe iyakokin a watan Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 2023. Ga kuma faɗuwar darajar naira. Duk wannan ya sa sauya mota ya zama sai wane da wane, wadda ke hannu ita ake ta lallaɓawa.

Kuma akasarinsu an yi musu wani aiki tun makon farko da suka shigo gari. An kai su gareji, an kwance wani ɗan ƙarfe da bai kai tafin hannu ba daga bakin inji an jefar, an kuma haɗa wayar fanka kai tsaye yadda da an murɗa makulli za ta fara juyawa. Wannan ɗan ƙarfen shi ne tamostat, kuma a nan labarin mutuwar hita yake farawa a motoci da dama.

Daga ina zafin yake zuwa?

Injin mota yana ƙona mai, kuma mafi yawan ƙarfin da ke cikin man a zafi yake tafiya, wani ta salansa, wani cikin ruwan da ke zagaya inji. Famfon ruwa ne ke tura wannan ruwa ta cikin hanyoyin da ke jikin injin, ya kwaso zafi ya kai lagireto, iska ta huce shi ya dawo.

A bayan dashbod, inda ido ba ya gani, akwai wani ɗan ƙaramin lagireto da girmansa bai wuce littafi mai kauri ba. Tiyo biyu ne ke haɗa shi da inji, suna ratsa bangon ƙarfen da ya raba inji da mazaunin direba. Ɗaya na shigar da ruwan zafi, ɗaya na fitar da shi. Wata ƙaramar fanka na hura iska ta cikinsa, iskar ta ɗauki zafi ta fito ta ƙofofin dashbod. Iyakar hita ke nan.

Don haka sai ruwan ya yi zafi sosai, ya kuma samu hanyar shiga ƙaramin lagireton, sannan iska ta bi ta kansa, kafin ɗumi ya iso ƙafar fasinja. Duk inda aka samu tangarɗa a wannan layi, sanyi za a sha.

Rigimar tamostat

Tamostat bawul ne mai aiki da kansa. Akwai wani kaki na musamman a cikinsa wanda ke kumbura idan ya ji zafi. Lokacin da inji ke da sanyi yana rufe, ya hana ruwa zuwa lagireto, ruwan ya yi ta zagaye a cikin inji da hita har ya ɗumama da wuri. Idan zafi ya kai wani mataki, yawanci tsakanin digiri 82 da 92 gwargwadon irin motar, sai ya buɗe. Da haka yake riƙe injin a wajen digiri 90, inda masu ƙera shi suka tsara ya yi aiki.

Hujjar da ake bayarwa a gareji sananniya ce: wai na ƙasar sanyi ne, nan kuwa rana kaɗai ta isa. Kuma in za a yi adalci, makanikan ba haka kawai suka tsiro da abin ba. Tsohon tamostat kan maƙale a rufe, idan kuwa ya yi haka a tsakiyar hanya, cikin 'yan mintoci inji zai dahu. Kasuwa cike take da kayan gyara na jabu. Motar da aka yi domin mutum biyar tana ɗaukar fiye da haka, da buhunan albasa a but. Bakanike ya san idan motar ta ɗauki zafi a daji shi za a zaga, idan kuwa tana shan mai fiye da kima ba wanda zai tuna da shi. Sai ya zaɓi abin da zai raba shi da zargi.

Amma lissafin bai cika ba. Lafiyayyen tamostat a lokacin zafi a buɗe yake gaba ɗaya, ba ya tare ruwa. Idan mota na ɗaukar zafi alhali yana buɗewa, laifin na wani wuri ne: lagireto ya toshe, ko murfinsa ya saki, ko fanka ba ta tashi, ko famfon ruwa ya gaji. Cire tamostat rufe ciwo ne kawai, ciwon na nan yana ci.

Akwai ma injinan da cire shi ke ƙara musu zafi. A irinsu, tamostat aiki biyu yake yi: yana buɗe hanyar lagireto, a lokaci guda yana toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya huce ba. Idan babu shi, gajeriyar hanyar na nan a buɗe har abada, wani kaso na ruwan zafi ya riƙa zillewa lagireto.

A lokacin hunturu kuwa illar a fili take. Mota ta taso da asuba, ruwa na bin lagireto tun daga minti na farko, iskar hanya mai sanyi na dukansa, fanka kuma na juyawa babu tsayawa. Ana iya zuwa har Gwadabawa allurar zafi ba ta ɗaga daga ƙasa ba. Direba na murna motarsa ba ta ɗaukar zafi, alhali injin bai kai zafin aikinsa ba sam.

Injin da ke tafiya da sanyi yana da tsada. A motoci masu injekta, ƙwaƙwalwar mota na karanta zafin ruwa, kuma muddin ta ga akwai sanyi za ta ci gaba da ƙara mai, kamar an bar cok a ja. Fulogi na yin baƙi. Man da bai ƙone ba na wanke baƙin mai daga bangon silinda ya gangara cikin kwanon mai ya tsinka shi. Raɓar da ke taruwa cikin inji ba ta samun zafin da zai kore ta. A hankali zobba da silinda suna cinyewa. A motocin da ake iya sa wa na'urar bincike, wannan matsala na da lambarta, P0128, wadda ke nufin ruwan inji bai kai zafin da ya kamata ba.

Batun shan mai ba ƙaramin abu ba ne a Illela. A watan Nuwambar 2019 aka hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, sannan aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023. Direban da ke ƙirga kowace lita kafin ya san ko ya fita kuɗin balas ɗin ranar, shi ne kuma ke yawo da injin da ke shan ƙari kullum safiya saboda rashin ƙarfen da kuɗinsa bai kai na cika tanki ɗaya ba.

Ruwan rijiya a cikin lagireto

Abu na biyu shi ne abin da ake zubawa. Da safe a tasha za a ga yaran mota da jarkoki da butoci suna ƙara ruwa a lagireto, ruwan rijiya ko na burtsatse, duk wanda ya samu. Ga mai son sanin abin da hakan ke yi, ya leƙa cikin butar mai shayi da ta daɗe a kan wuta. Farin dasashin nan da ke manne a gindinta gishirin ƙasa ne da ruwa ke bari idan an dafa shi. Yankin Sakkwato kuwa ƙasa ce mai farin dutse, shi ya sa ma kamfanin siminti ya zauna a Kalambaina.

Irin wannan dasashi, haɗe da tsatsa, shi ke taruwa a cikin inji. Kuma hanyoyin ruwa mafi ƙanƙanta a duk motar su ne na ƙaramin lagireton hita, don haka shi ke fara toshewa. Wanda hitarsa ta fara rauni bana saboda toshewa, ya sani babban lagireton ma yana kan hanya.

Ruwan lagireto na kanti, mai launin kore ko ja ko shuɗi, mutane da yawa na ɗaukarsa maganin daskarewa ne kawai, abin da ba ya faruwa a Illela. Amma yana ɗauke da sinadaran hana tsatsa, yana kuma ɗaga matakin tafasa. Ruwa zalla na tafasa a digiri 100. Idan aka haɗa shi rabi da rabi da wannan sinadari yakan kai wajen 107, sannan murfin lagireto mai kyau, wanda ke riƙe matsi, ya ƙara ɗaga shi ya haura 120. Shi ya sa murfin da robarsa ta tsage, ko wanda aka maye gurbinsa da leda da tsumma, ke sa mota amai da ruwa ko da komai nata lafiya lau.

Sannan ga dabarun toshe yoyo. Akwai garin da ake sayarwa a zuba a lagireto, akwai kuma masu fasa ƙwai a ciki. Sukan tsayar da yoyon na ɗan lokaci, amma abin da ya iya toshe huda zai iya toshe siririyar hanya, kuma ta hita ce mafi kusa.

Idan ƙaramin lagireton ya ruɓe ya fara yoyo, alamunsa ba sa ɓuya: darduma ta jiƙe a gaban fasinjan gaba, wani wari mai zaƙi-zaƙi a cikin mota, gilashi na yin wani hazo mai maiƙo da tsumma ba ya gogewa. Canza shi a motoci irin Golf sai an sauke dashbod gaba ɗaya, aikin yini guda. Saboda haka abin da aka fi yi shi ne a zare tiyo biyun a haɗa bakinsu da guntun bututu, ruwa ya riƙa wucewa ba tare da ya shiga ciki ba. Motoci da yawa a haka aka saye su, masu su ba su ma sani ba. Kafin a kashe ko sisi wajen neman dalilin rashin ɗumi, ya kamata a buɗe bonet a duba bangon bayan inji. Idan aka ga bakin bututu biyu a buɗe babu tiyo a jikinsu, an gama bincike.

Binciken da tafin hannu ke yi

Mafi yawan wannan bincike ba ya buƙatar na'ura. Yana buƙatar haƙuri da kiyaye abu ɗaya: ba a buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Ruwan da ke ciki a matse yake, ya wuce zafin tafasa, kuma da an saki murfin zai yi tsiri ya sami fuska da hannu. Sai da safe kafin a tayar da mota, ko bayan ta huce sosai.

Da ruwan ake farawa. Ƙaramin lagireton hita a motoci da yawa yana sama-sama, don haka da ruwa ya ragu shi ne farkon wanda ke zama fayau. Idan an duba an ga ruwa ya yi ƙasa, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ina ya tafi, domin lafiyayyar mota ba ta shan ruwa kullum. Direban da ya saba ƙara buta guda duk safiya yana da yoyo, ko ya gan shi ko bai gan shi ba.

Daga nan sai a tayar da inji daga sanyi a riƙe babban tiyon sama da ke zuwa lagireto, a kula da fanka da bel kada su kama hannu ko bakin riga. Idan tamostat na nan kuma yana aiki, tiyon zai zauna da sanyi na wasu mintoci, sannan ya yi zafi kusan lokaci guda. Idan kuwa ya fara ɗumi a hankali tun daga farko, to ko dai an cire shi ko ya maƙale a buɗe.

Yadda hitar ke yi a hanya ma na ba da labari. Wadda ke ɗumi idan mota na tsaye a layin shingen bincike, amma ta huce da zarar an hau titi an taka, tamostat take nunawa. Wadda ke yin akasin haka, ta yi ɗumi idan an taka mai, ta huce idan an tsaya, tana nuna ƙarancin ruwa, ko iska da ta maƙale a ciki, ko famfon da ya gaji. Wasu famfunan fukafukansu na roba ne, sukan tsage ko su saki daga jikin sandarsu, na ƙarfe kuma tsatsa kan cinye su.

Iskar da ta maƙale takan biyo bayan aikin gareji. An zubar da ruwa an sake cikawa cikin gaggawa, ba a bari iska ta fita ba. Wani lokaci har a riƙa jin ƙarar ruwa na gudu a bayan dashbod. Motocin Peugeot da wasu na Turai suna da ƙananan sukurori na fitar da iska a jikin tiyo, waɗanda ake sassautawa lokacin cika ruwa har sai ya fito babu kumfa.

Idan inji ya kai zafinsa, sai a taɓa tiyo biyun hita. Duka biyun da zafi, ruwa na shiga yana fita, matsalar tana ɓangaren iska. Ɗaya da zafi ɗaya da sanyi, ko dai ƙaramin lagireton ya toshe, ko bawul ɗin da wasu tsofaffin motoci ke da shi a kan tiyon ya maƙale a rufe. Toshewar da ba ta yi nisa ba ana iya wanke ta: a zare tiyo biyun a tura ruwa ta bakin fita ya fito ta bakin shiga, har sai ya daina fitowa ja. Amma da ruwa mai sauƙin ƙarfi. Injin wankin mota na iya fasa shi, a koma gidan jiya.

Akwai alamar da ba ta jiran gobe. Idan ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, ga farin hayaƙi mai kauri daga salansa ko bayan inji ya yi zafi, ga kumfa na tasowa a bakin lagireto, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, to gasket ɗin saman inji ne ya ƙone. Hayaƙin inji na shiga cikin ruwa yana korar shi daga hita. A nan rashin ɗumi shi ne mafi ƙanƙantar damuwa, kuma duk kilomitar da aka ƙara tana ƙara kuɗin gyara.

Ɓangaren iska ya fi sauƙi. Idan fankar ciki ba ta motsi sam, fiyus ko ita fankar, aikin rewaya ne. Idan sai an kai ta lamba ta ƙarshe take tashi, ɗan abin da ke rage mata gudu ne ya ƙone. Idan tana ƙara amma iskar ba ta da ƙarfi, a duba matatar iska da ke bayan akwatin dashbod a motocin da ke da ita, domin ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta mayar da ita kamar bulo. Sai kuma 'yar ƙofar da ke karkatar da iska zuwa kan hita. A tsofaffin motoci waya ce ke jan ta daga maɓalli, kuma takan zame ko ta tsinke, a yi ta murɗa maɓalli babu abin da ke motsi a ciki.

Inda abin ya wuce maganar jin daɗi

Iskar hunturu busasshiya ce, har leɓe take tsagawa, don haka wani zai yi mamakin yadda gilashi ke yin hazo. Daga cikin motar hazon yake. Mutum bakwai ko takwas na numfashi a rufaffiyar mota, gilashi kuma ya yi sanyi, sai tururin numfashin ya kwanta a kansa. Aikin hita ne ta hura iska mai zafi a gindin gilashin ta busar da shi. Idan akwai na'urar sanyaya mota mai aiki, kunna ta tare da hita ya fi sauri, domin tana tsotse laima daga iska. Maɓallin da ke hana iskar waje shigowa kuwa ƙara hazon yake.

Direban da ba shi da wannan yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan na goge gilashi, a lokacin da ƙura ta riga ta rage nisan gani a waje. Kuma hanyar Illela a safiyar kasuwa ba fili ba ce: ga garken shanu da raƙuma ana kora su, ga amalanken jakai, ga babura marasa fitila, ga manyan motoci a ajiye a gefen titi.

Hatsari na biyu ba a ganinsa. Saboda sanyi ana rufe kowace taga. A lokaci guda but na buɗe rabi, an ɗaure shi da igiya a kan kaya. Motar da ke gudu da but a buɗe tana janyo hayaƙin salansarta zuwa ciki, musamman irin waɗanda but ɗinsu ke haɗe da mazaunin fasinja. Idan salansar ta huje a ƙarƙashi, ƙasan motar ma ya ruɓe, hanyar shigar hayaƙin ta ƙaru. A cikinsa akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana farawa da ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da barci mai nauyi, alamun da kowa zai ɗora wa sammako. Idan fasinjoji da yawa suka fara kukan ciwon kai lokaci guda, ko direba ya ji barci na fizgarsa ba dalili, a tsaya a buɗe ƙofofi kowa ya fito. Barin taga ɗaya a ɗan buɗe ya fi bargo amfani a irin wannan mota.

Haka abin yake ga masu kwana a mota suna jiran gari ya waye ko a buɗe iyaka. Barin inji na aiki a kwanta barci da tagogi a rufe ganganci ne, shigar da kaskon gawayi cikin mota ko cikin rufaffen kan babbar mota kuma ya fi shi muni, domin garwashi na fitar da wannan iska ko da babu hayaƙin da ido ke gani.

Ruwan lagireto na kanti shi ma guba ne. Yana da zaƙi, kuma kaɗan daga cikinsa na iya lalata ƙodar yaro ko dabba. Wanda aka zubar a gareji bai kamata a bar shi a buɗaɗɗen kwano inda awaki ke yawo ba, balle a ɗura shi a gorar lemo a ajiye a gida.

Kafin bazara ta shigo

Mayar da tamostat ba babban aiki ba ne a yawancin waɗannan motoci, sai dai ba a yin sa shi kaɗai. Injin da ya shekara goma babu shi yana iya ɓoye toshewar lagireto ko mutuwar abin da ke tayar da fanka, kuma ranar da aka mayar da shi ne za su bayyana, a ce ai ga shi an faɗa. Don haka tare ake yi: a wanke lagireto ciki da waje, a sa murfi mai kyau, a tabbatar fanka na tashi da kanta idan zafi ya kai, sannan a sa tamostat mai lambar zafin da ta dace da motar, wadda ke rubuce a jikinsa. Ana iya gwada shi kafin a ɗaura: a jefa shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta, ya kamata ya buɗe kafin ruwan ya tafasa, ya kuma rufe idan an fitar da shi ya huce.

Zuwa ƙarshen Fabrairu sanyin zai ja baya, a ninke barguna, maganar hita ta bar bakin kowa. Amma tsofaffin direbobi sun san tana da sauran amfani a tsakiyar zafin Afrilu da Mayu. Idan allura ta fara hawa a hanya, mota cike da kaya, ana kashe na'urar sanyi, a sauke tagogi, a murɗa hita zuwa ƙarshe da fankarta gaba ɗaya. Ƙaramin lagireton sai ya zama mataimakin babban, ya janye wani kaso na zafin injin zuwa cikin mota. Fasinjoji za su yi gumi su yi mita, amma sau da yawa hakan kan sauko da allurar har a samu inuwar da za a tsaya a kashe inji. Motar da aka haɗe wa tiyon hita da guntun bututu ba ta da wannan mafita.